Wasiƙa Daga Duwala: Maganar Labulen Amarya

Duwala, Kamaru

Gwaggo,

Ya hidimar biki? Allah Ya nuna mana ranar lafiya. Na ji an ce kuna shirin shiga Kantin Kwari haɗa wa autarmu kayan ɗaki, kuma tunda nan garin za a kawo ta, na ce bari in yi saurin rubuto miki. Gado da kwanuka duk abin da kuka zaɓa ya yi, amma maganar labule don Allah ki ji tawa.

Na san irin wanda ranki zai kwanta da shi: karan-miski mai nauyi, an yi masa shafi, yana jan ƙasa, wanda 'yan ganin ɗaki za su shafa su ce lallai an kashe kuɗi. A Kano yana da ranarsa, don yana tare ƙurar hunturu da zafin bazara. To nan hunturun da ƙyar yake leƙo mu. Garin yana bakin kogin Wuri ne, dab da inda yake faɗawa teku, kuma ruwan da ake yi a shekara ya haura milimita 3,500, fiye da ninki uku na wanda kuke samu. A Yuli da Agusta sai a wuni a kwana ana zubawa. Ko an ɗauke, iskar kanta a jiƙe take, ki yi shanya da safe har magariba ba ta bushe ba.

Yadi mai kauri shi ne abincin wannan laima. Auduga tana shan ruwan da ke cikin iska ta riƙe, ninkin labulen kuma ba ya barin iska ta ratsa. Daga gaba za ki gan shi fes. Sai kin buɗa ninkin da ke jingine da bango ki tarar da fumfuna, baƙaƙen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masoro, ga wani wari da turaren wuta ba ya kashewa, sai dai su haɗu su ƙara hawa kai. Mai asma kuwa ba ya iya kwana a ɗakin. Idan fumfunar ta riga ta ci zaren, ko an wanke da ruwan javel, wato bilic ɗin da suke ji da shi a nan, launi ne zai tafi, tabon yana nan.

Abin da ya fi shi ne yadin roba, wato foliyesta, marar nauyi. Kusan ba ya shan ruwa, ana wanke shi a rataye a ƙarƙashin fanka ya bushe. Na san a idonki araha ce, ba kayan fita kunya ba ne, amma akwai masu kyan gaske. A ɗinka kashi biyu, in ɗaya yana wanki ɗaya yana taga. Kada tela ya cika masa tattara, kuma labulen ya tsaya ƙasan taga kaɗan, kada ya taɓa daɓe, domin a unguwanni irin su New Bell, inda Hausawa suke da yawa, ruwa kan shigo har ɗaki idan damina ta yi nisa. Gidaje da dama tagoginsu masu gilashi jere-jere ne da ake karkatawa, feshin ruwa yana shigowa ta tsakaninsu, don haka a bar tazara tsakanin labule da gilashi.

Sanda ma a duba. Ta ƙarfe mai ruwan gwal tsatsa take yi, zobban su zubar da ja a kan yadin. A nemi ta alminiyam da zobban roba.

In da za ki yarda, da kin bar labulen gaba ɗaya, a aiko kuɗin in shiga kasuwar Kongo, inda ake hada-hadar yadi a nan, in zaɓa bayan angon ya auno mana tagogin. In kuma kin ga ba za a yi jere babu karan-miski ba, to a sayi na ƙofar falo guda ɗaya, a rataya ranar biki dangin miji su gani, 'yan kawo amarya su koma miki da shi.

Ki gaida Baba da su Inna da kyau. Ki sa mini kuka da daddawa a kayan 'yan rakiya, a ɗaure su a leda biyu.

Taki,
'Yarki ta Duwala