A Gina Jimla Tubali Ɗai-Ɗai

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni fili in yi magana da malaman makaranta.

Sa'ad da na ke makarantar mishan, manyan kalmomin Turanci muka yi ta haddacewa. Ran da na kama aikin akawu na rubuta takarda, na cika ta da su. Babban akawu ya komo mini da ita, ya ce bai gane nufina ba. Na ji kunya ƙwarai.

Don haka na bi da ɗana, mai shekara bakwai, ta wata hanya. Mu kan fara da kalma uku, "Audu bought goats." Sa'an nan in tambaye shi: Nawa? A ina? Yaushe? Kowace amsa sai ya ƙara ta cikin jimlar. Nan na ga inda yaranmu ke tuntuɓe. Mu "awaki biyu" mu ke cewa, Bature kuwa adadi ya ke gabatarwa. Yanzu yaron da kansa ya kan rubuta, "Audu bought two goats in the market yesterday."

Malamai, a yi haƙuri da gajeriyar jimla tukuna. Sannu ba ta hana zuwa.

Haza wasalam,
Wani Akawu.