Daddawar Kibiya: Daga Kwana Uku Zuwa Shekara Guda

A ƙarshen bazarar bara, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma hadari ya fara leƙowa daga gabas, na bar birnin Kano zuwa wani ƙauye a ƙasar Kibiya domin gaida gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta shafe fiye da shekara arba'in tana sana'ar daddawa. Mun saki titin Zariya muka bi ta Bunkure, muka yada zango a Rano. Duk wanda ya san tarihi ba ya shiga Rano da gaggawa. Gari ne daga cikin Hausa Bakwai, sarkinsa ake wa laƙabi da Autan Bawo, kuma a rabon ayyukan da labarin Bayajidda ya kawo, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu rini. Marini kuwa ya san cewa baba ba ya kama zane ranar da aka jiƙa shi, sai ya kwana ya tashi a cikin karofi. Ashe mutanen wannan ƙasa sun daɗe da sanin sana'ar da jira ne jarinta.

Daga Rano zuwa Kibiya ido ba ya gajiya. Ga duwatsu jefi-jefi, ga gonakin da aka share ana jiran ruwan shuka, ga kuka da tsamiya da ɗorawa tsaye a tsakiyar gonakin. Lokacin kakar ɗorawa ne, sai ka hangi mata da yara da dogayen gorori suna sakato 'ya'yanta. Amma na lura da abu biyu da suka tsaya mini a rai. Duk ɗorawar da na gani tsohuwa ce, ban ga ƙarama mai tasowa ba ko ɗaya. Sannan a bakin hanya ga buhunan gawayi da tarin itacen girki suna jiran motar birni.

Na tafi da ɗan littafin rubutu, kuma da dalili. Wani abokina da ya yi karatu a Faransa ya taɓa ba ni labarin yadda mutanen can suke ajiye jar giyar inabi shekara da shekaru, suna buɗe kwalba lokaci-lokaci, suna rubuta yadda launinta da ƙamshinta da ɗanɗanonta suka sauya. Abin shan ba namu ba ne, addininmu ya haramta shi. Amma ɗabi'ar natsuwa a kan ɗanɗano da rubuta shi ta burge ni, har na tambayi kaina: mu ba mu da abin da lokaci ke gyarawa ne? Muna da shi mana. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani. Sai na ƙudurta zan bi daddawar Gwaggo tun daga tukunya har ta tsufa, in riƙa rubuta abin da harshena da hancina suka gaya mini.

Da na faɗa mata, dariya ta yi har da tafa hannu. "Kai ɗan nan, boko bai bar ku da aiki ba. Daddawar ma sai an rubuta ta? To zauna ka gani."

Aikin ba na rago ba ne. Bayan an raba garin ɗorawa da kalwa, an ajiye ɓawon domin makuba, sai a ɗora kalwar a wuta tun safe, ana ƙara ruwa ana iza itace har dare ya raba. Washegari a surfa ta a turmi, a wanke a kwando har baƙin ɓawonta ya fita, a tsince wadda ba ta dahu ba, a sake dafawa. Daga nan a juye ta da zafinta, a lulluɓe da ganye da tsofaffin buhuna, a kai ta lungun ɗaki inda iska ba ta kaɗawa. Gwaggo ba ta barin kowa ya buɗe sai ita.

Ga abin da na rubuta.

Ranar farko, kafin a rufe: launin ƙasa-ƙasa mai haske, ƙamshi kamar na dafaffen wake, ɗanɗano salam, da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Babu abin da zai nuna maka cewa wannan ce za ta zama uwar miya.

Kwana uku: da Gwaggo ta ɗaga buhun, sai da na ja da baya. Wari mai hawa kai ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Kalwar ta yi laushi, ta yi duhu, ta yi yauƙi, tana kama yatsa. A baki kuwa ɗacin ya gudu, wani gardi mai nauyi kamar na romon nama ya maye gurbinsa, sai dai warin ya danne shi. Gwaggo ta murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsunta, ta shinshina, ta ce, "Ta yi. In ta ƙara kwana ta wuce." Nan take aka kirɓa ta, aka mulmula, aka shanya a rana.

Mako biyu, bayan na dawo Kano da rabona: ta yi baƙi ƙirin, ta yi tauri a waje, cikinta da sauran danshi. Warin nan ya ragu ƙwarai, ƙamshin hayaƙi da na soyayyar gyaɗa suka fito. A miyar kuka tana da ƙarfi, tana son ta fi kowa magana a tukunya.

Wata uku, tsakiyar damina: na sake shanya ta sau biyu saboda laima, kamar yadda aka umarce ni. A nan ne na fahimci abin da tsofaffi ke nufi da daddawa ta kwanta. Ba ta hawa hanci, amma da ta shiga miyar busasshiyar kuɓewa sai ta haɗa kan barkono da albasa da man shanu su zama abu guda. Gardinta yana daɗewa a baki bayan an haɗiye lomar tuwo.

Wata shida, cikin hunturu: ta bushe ƙayau, tana dakuwa ta zama gari. Wannan ne ƙololuwarta a wurina. Kaɗan ake sawa ta wadatar. Na daka ta cikin yaji na barbaɗa a kan dafaffen wake, na ji wani zaƙi ɓoyayye wanda babu shi a farko.

Shekara guda: ƙamshin ya ja baya, maiƙon da ke cikinta ya fara sauyawa, akwai ɗan maƙaƙi a maƙogwaro. Tana da amfani har yanzu, amma ta ba da baya. Ita ma daddawa tana da ƙuruciya da ƙarfi da tsufa.

Masana kimiyya sun yi bayanin abin da ke faruwa a ƙarƙashin buhunan nan. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ake kira Bacillus subtilis, su ne ke farfasa sinadarin gina jiki da ke cikin kalwa. Warin kwana uku na amoniya ne, yana kuma tashi ya bi iska idan an shanya. Gardin kuwa daga sinadarin gulutamet yake, wanda wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 cewa shi ne tushen ɗanɗanon da suke kira umami. Irin waɗannan ƙwayoyin ne Japanawa ke amfani da su wajen yin natto daga waken suya. Shi wannan gulutamet ɗin ne kuma ginshiƙin dunƙulen ɗanɗanon da muke saye a kanti. Wato abin da masana'anta ke haɗawa a yau, kakanninmu sun daɗe suna fitar da shi daga kalwa, har da ƙarin abin gina jiki ga gidan da nama ba ya shiga kullum. Yarabawa suna ce mata iru, a Mali da Burkina Faso sumbala, a Sanagal netetu. Ita kanta bishiyar, sunan Parkia da take amsawa a littattafan kimiyya, Robert Brown ne ya raɗa shi a 1826 don tunawa da Mungo Park, a cikin rataye na littafin tafiyar Denham da Clapperton, wanda ya ziyarci Kano a 1824. Baƙi sun rubuta bishiyarmu shekara ɗari biyu da suka wuce, mu masu ita har yau ba mu rubuta ɗanɗanonta ba.

Da na koma Kibiya bana na karanta wa Gwaggo abin da na rubuta, ta saurara har ƙarshe, ta gyara mini wuri ɗaya: ta ce maƙaƙin nan laifin ajiyata ne, da a tukunyar ƙasa na sa ta maimakon leda da ta fi haka kai wa. Sannan ta yi shiru, ta ce, "Ɗan nan, ba ɗanɗanon ne ke damuna ba, kalwar ce. Da daga gonakinmu nake tarawa, yanzu sai na saya a kasuwa, wani lokaci ma daga nesa ake kawo ta." Ta ce da yawa daga masu sana'ar sun koma daddawar waken suya domin ta fi sauƙin samu da saurin dahuwa, 'yan mata kuma ba sa son aikin da zai bar musu wari a zane.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ana tsince 'ya'yan ɗorawa kakaf, wadda ta tsira garma ta tumɓuke ta, wadda ta tsere wa garma awaki su cinye ta da rani. Manomin da gonarsa ta ƙanƙance saboda rabon gado yana ganin inuwarta asara ce, ga mai gawayi da kuɗi a hannu. Ɗorawa kuwa takan ɗauki shekara 5 zuwa 10 kafin ta fara 'ya'ya. Wanda ya sare ta yau ya ci kuɗin mako guda, ya jawo wa miyar gidansa rashi na shekaru.

Magani ba nisa yake ba. A jihar Maradi ta Nijar, tun daga shekarun 1980, manoma Hausawa irinmu suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, wato barin tohon itatuwa a gona da yi masa aski maimakon a sare. Ta haka aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Masarautar Rano, wadda tun 2024 ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da maganarsu ke da nauyi a kan abin da ake sarewa da abin da ake bari. Makarantun yankin za su iya renon dashen ɗorawa, ɗalibanmu na jami'a kuma su zauna da tsofaffin mata su rubuta iliminsu tun suna raye. Mu mazauna birni namu shi ne mu nemi daddawar kalwa ta ainihi, mu biya kuɗinta ba tare da ƙorafi ba, domin bishiyar da ke kawo kuɗi ba a saurin sa mata gatari.

Kafin in taso, ni da jikokin Gwaggo mun shuka kalwa a gefen gonarta, muka kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Ta tsaya tana kallonmu, ta ce ita dai ba za ta ci daddawar wannan ba, amma a tabbata an ba ta ruwa da rani.