Adireshin makaranta ba sunan yaro ba ne

Kullum ina gaya wa ɗalibaina cewa adireshin intanet na tsarin IPv4 kusan miliyar 4 da miliyan 300 ne kacal, ba su ishi duniya ba. Shi ya sa a 1994 aka keɓe wasu, kamar masu farawa da 192.168, don amfanin cikin gida. Kowace kwamfuta a makarantarmu irin wannan lambar gare ta, amma in za su fita waje ta adireshi guda suke bi, kamar ɗakuna goma masu zaure ɗaya.

Don haka iyaye da ƴan'uwana malamai, in an ce saƙon zagi daga adireshin makaranta ya fito, kada mu yi saurin hukunta yaro. Zauren aka gano, saura a binciki ɗakin.