Malamin Busar Sarkin Farusiya

Daga Berlin zuwa Potsdam tafiyar kamar rabin awa ce a jirgin ƙasa. Yawancin waɗanda muka sauka tare fadar Sanssouci suka nufa, gidan hutun da Sarki Frederick na Biyu na Farusiya ya gina tsakanin 1745 da 1747, a kan wani tudu mai hawa-hawa da aka dasa wa inabi. Su sarkin ne ya kawo su. Wasu har da dankalin turawa a aljihu, za su ajiye a kan kabarinsa saboda shi ya yaɗa nomansa a ƙasar. Ni kuwa baransa na zo nema, Johann Joachim Quantz, gwanin busa sarewa wanda ya koyar da sarkin.

Ɗakin kiɗan fadar ba wani babba ba ne, madubai ne ke sa ido ya ga kamar yana da faɗi. In ka ɗaga kai za ka ga saƙar gizo-gizo ta ruwan zinariya a rufi, daidai inda fitila ke rataye. A irin wannan ɗaki sarki ke busa da yamma, kuma ba ya taɓa wani kiɗa sai wanda ya tsara da kansa ko wanda Quantz ya tsara masa. Duk fadar, Quantz kaɗai ke da izinin buɗe baki ya yaba wa busar sarki. In ya yi shiru, an san akwai gyara.

Quantz ɗan maƙeri ne, an haife shi a ƙauyen Oberscheden a 1697. Yana ɗan shekara goma uban ya rasu, sai ya koma hannun baffansa, makaɗin gari a Merseburg. A 1718 ya sami aiki a fadar Dresden, amma ba da sarewa ba. Sai da ya ga babu hanyar ci gaba a inda yake ya koma ga sarewar, ya yi wata huɗu yana ɗaukar darasi wajen Bafaranshe Buffardin. Daga 1724 zuwa 1727 ya zaga Italiya da Faransa da Ingila yana sauraron na gaba da shi. A Paris ya ƙara wa sarewar maɓalli na biyu, don kunnensa ya ƙi yarda a haɗa wasu sautuka biyu da sauran mabusa ke ɗauka ɗaya ne.

A 1728 ya haɗu da Frederick, yarima ɗan shekara 16, wanda ubansa ya tsani busa kamar me, soja kawai yake so ya gani. Da yariman ya hau gado a 1740, shekara na zagayowa ya ɗauko malaminsa da albashin thaler 2,000 a shekara, ban da ladan kowane sabon kiɗa da kowace sarewa da ya ƙera. Carl Philipp Emanuel Bach, ɗan shahararren Bach, da 300 ya fara a fadar.

Sai dai gata yana da nasa tsadar, kuma wannan ne ya tsaya mini a rai. Manyan kiɗe-kiɗe kusan 300 da ya tsara, yawancinsu mallakar sarki ne, ba a buga su an sayar ba. Shekara talatin yana rubuta wa kunne ɗaya. Da Baturen Ingila Charles Burney ya zo a 1772, ya tarar da salon fadar ya tsufa. A gidan zane na Alte Nationalgalerie a Berlin na tsaya gaban hoton da Adolph Menzel ya kammala a 1852: sarki a tsakiya, haske duk a kansa, malamin kuwa can a gefen dama, ya sunkuyar da kai yana saurare.

Abin da ya tsallake katangar fada littafinsa ne na 1752 kan busa sarewa, wanda ya fito da Jamusanci da Faransanci. Babi 18 ne, kaɗan ne suka tsaya kan sarewa kawai. Ya nuna yadda harshe zai taɓa ganɗa don sauti ya fita tsaf, da inda ya kamata a ja numfashi, da hakkin masu rakiya a kan mai jan kiɗa, da yadda za a auna makaɗi ba da son rai ba. Na'urar auna saurin kiɗa ba ta yaɗu ba a lokacin, sai ya ce a kama jijiyar hannu, bugu 80 a minti. Na tuna sarakunan busa na fadojinmu, masu ilimi irin wannan, wanda in ɗa bai ɗauka ba yakan bi mai shi kabari. Quantz ya zauna ya rubuta nasa, shi ya sa masu busa sarewar katako a yau ke buɗe shi don su san yadda kiɗan zamanin Bach ke tashi. Edward Reilly ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1966.

Quantz ya rasu a Potsdam ranar 12 ga Yuli, 1773, sarki ya sa aka kafa masa dutsen tunawa a kabarinsa. Bayan 'yan shekaru haƙoran gaban sarkin suka zube, dole ya ajiye sarewa.