Layin Kawu

Ranar Asabar, 8 ga Disamba 1990, hazo ya lulluɓe birni, sanyi na ratsa ƙashi. Tun da hantsi muka hallara a filin firamaren unguwarmu, nan cikin ganuwa. Kawu, ɗan kasuwar Kurmi, yana takarar kansila a SDP, jam'iyyar doki. Ya taɓa gwadawa a zaɓen ba-jam'iyya na Disamba 1987, ya sha ƙasa, washegari ya buɗe rumfarsa kamar ba a yi ba.

Wannan karon ƙato bayan ƙato aka yi. Ba akwati, ba dangwale. A ɗaga hoton ɗan takara, mai sonsa ya tsaya a baya, malamin zaɓe ya bi layi yana ƙirgawa da ƙarfi, jama'a na amsawa. Abin da nauyi fa, don kowa na ganin kowa. Har yau ina tuna maƙwabcinmu, wanda muke sallah sahu ɗaya, tsaye a layin NRC yana sunkuyar da kai. Kawu ya taka har wurinsa ya ba shi hannu, ya ce, "Malam, ɗago kanka, ra'ayi riga ne."

Layinmu ya kai har bakin lungu. Matan aure cikin lulluɓi, tsofaffi da sanduna. Da aka faɗi adadi, guɗa ta kaure. Ni kuwa kuka na yi.

Kujerar ba ta ba shi dukiya ba. Yashe kwata, gyaran famfo, raka marar lafiya asibiti da tsakar dare, su ne aikinsa, har Abacha ya rushe zaɓaɓɓun hukumomi a Nuwamba 1993. Ya sake tsayawa ranar 5 ga Disamba 1998, wani matashi ya kayar da shi. Da ƙafarsa ya je yi wa yaron barka.

Tsayawa uku, nasara ɗaya. Yanzu kuwa, a 2014 da 2018 da 2021 APC ce ta kwashe shugabannin ƙananan hukumomi 44 da kansiloli 484 na jihar Kano kaf, a 2024 NNPP ta yi hakan. Wannan lissafi yana ci mini rai.

Sakamakon 2014 a rediyo muka ji shi, Kawu na kishingiɗe a zaure, idonsa ya fara rauni. Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, a mazaɓu ɗari huɗu da tamanin da huɗu, ba inda layin wani ya fi tsawo?"