Banaras, birnin da ake zuwa don a mutu

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Mafi yawanmu ba mu san ƙasar Indiya ba sai a majigi, ko kuwa a kan yadin da ƴan kasuwa ke kawowa. To, mai karatu, yau ga labarin Banaras, wanda hukuma ke kira Baranasi, a jihar Uttar Pradesh, bakin kogin Ganga. A wurin mabiya addinin Hindu babu birnin da ya fi shi tsarki.

Wanda ke son ganin birnin sai ya yi sammako ya shiga kwalekwale. Tun kafin rana ta fito jama'a sun cika matakalan dutse da suka gangara cikin ruwa, waɗanda ake kira gat, sun fi 80. Maza da mata, tsofaffi da yara, kowa na nitso yana addu'a, domin sun yi imani ruwan na wanke zunubi. Da almuru kuwa a taru a gat ɗin Dashashwamed, malamansu na jujjuya fitilu, ana kaɗa ƙararrawa.

A gat ɗin Manikarnika wuta ba ta mutuwa dare da rana, nan ake ƙona gawa. A aƙidarsu mutum yakan mutu a sake haihuwarsa, sau bayan sau, amma wanda ya cika a Banaras ya huta da wannan kai da kawowa. Shi ya sa tsofaffi ke barin garuruwansu su zo su jira ajali. Itacen ƙonawa a ma'auni ake sayar da shi, saboda haka ko a nan ana gane mai hali da talaka.

Babban ɗakin bautar birnin shi ne Bishwanat, na Shiba. Sarauniya Ahilyabai Holkar ta Indor ta gina shi a 1780, daga baya Sarkin Panjab Ranjit Singh ya ba da zinariyar da aka lulluɓe kansa. A watan Disamba na 2021 firayim minista Narendra Modi, wanda a birnin aka zaɓe shi ɗan majalisa tun 2014, ya buɗe wata faffaɗar hanya daga kogi zuwa ɗakin, bayan an rushe gidaje da kantuna masu yawa.

Jikin wannan ɗaki kuwa akwai masallacin Gyanbapi. An gina shi bayan Sarki Aurangzeb ya sa an rushe tsohon ɗakin bautar a 1669. Wata doka ta 1991 ta ce kowane wurin ibada ya zauna yadda yake ranar 15 ga Agusta 1947. Duk da haka an yi ta kai ƙara, har a watan Janairu na 2024 wata kotu ta ba ƴan Hindu izinin bauta a ɗakin ƙarƙashin masallacin. Musulmin birnin ba su manta da masallacin Babri na Ayodhya ba, wanda aka rushe ranar 6 ga Disamba 1992.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, abincin ɓangarorin biyu a akushi ɗaya yake. Zanen siliki na Banaras, wanda amaren Hindu ke alfahari da shi, yawancin masu saƙa shi Musulmi ne, manyan dillalansa kuma galibi ƴan Hindu. In rikici ya tashi masaƙa ta tsaya, kanti ya rufe, baƙo ya fasa zuwa, mai kwalekwale da mai sayar da furanni su kwana da yunwa. Hukunci na hannun alƙalai, amma cinikin gobe na hannun maƙwabta. Allah ya zaunar da kowa lafiya.