Cikin Fari a Gidan Kunya

A gidajenmu na Zariya ba a faɗin ciki, sai dai a gane shi. Lokacin da na samu na fari, cikin shekarun 1990, ban iya buɗe baki na gaya wa kowa ba. Uwar mijina ce ta lura ina gudun madafi in ana soya albasa, kuma barci na sace ni tun kafin la'asar. Ba ta tambaye ni komai ba. Washegari sai ga ƙanwar maigida da ƙullin tsamiya da goruba, ta ce, "Yaya, ga shi in ji Hajiya." Sanarwar ke nan.

Laulayi ya ba ni wuya. Ana cewa tashin zuciya na safe ne, nawa kuwa babu ruwansa da safe ko dare. Ga tsartar yawu, ga kasala, ga yawan fitsari, turaren da nake so ya koma mini wari. Abincin gidanmu ba ya shiga, sai faten tsakin maƙwabta. Abin ya taso wajen mako na 6, ya lafa bayan wata uku, kamar yadda yake yi wa yawancin mata. Da an samu mai gaya mini cewa zai wuce, da kukan da na sha a ɗaka ya ragu. A wata na biyar na ji wani abu ya yi wutsil a marata, na ɗauka iska ce. Mai cikin fari takan fara jin motsi tsakanin mako na 18 da na 20, wadda ta saba kuwa tana riga ta ganewa.

Da cikin ya shiga wata bakwai aka mayar da ni gida goyon ciki. A nan kunyar ta ninku, domin ni ce 'yar farin Inna, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zauna hirar naƙuda da ni. Kulawa kam na same ta. Kaka ta hana ni rake da zuma da shayi mai sukari, wai zaƙi yana tare hanyar haihuwa, ta sa ni daka da shara don jiki ya saki. Da ƙafafuna suka kumbura sai ta yi dariya ta ce, "Amarya, namiji ne wannan."

Gwaggo ce ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki mayafinta ta ce, "Tashi mu je awo." A can na ji lissafin da ya bambanta da na tsofaffi: su wata tara suke ƙirgawa, Sista kuwa mako 40 daga ranar da al'adar ƙarshe ta fara. Aka yi mini allurar rigakafin ciwon sarƙe haƙora, aka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini da Daraprim da ake sha mako-mako saboda zazzaɓin cizon sauro. Yanzu Fansidar ake bayarwa. Da Sista ta ɗaura mini abin awon jini sai ta dubi Gwaggo ta ce, "Hajiya, yarinyar nan jininta ya soma hawa." Daga 140 bisa 90 ake fara damuwa, ni kuma na taɓa wajen.

Ranar na fara jin cewa jijjigar da ake dangantawa da iskoki a unguwarmu hawan jini ne ke kawo ta, kuma ta fi kama mai cikin fari. Tana aiko da saƙo kafin ta iso: ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a saman ciki. Sista ta ƙara da zubar jini, da fashewar ruwa kafin lokaci, da raguwar motsin ɗa. Ta ce kowanne aka gani, ko tsakar dare ne, a taho. Mata nawa ne a gidanmu da suka haifi goma-goma, amma wannan bayani a bakin baƙuwa na ji shi.

Naƙudar fari doguwa ce, tawa ta kwana ta wuni. An hore mu da cewa mace ba ta kuka a kan gwiwa, ni dai na yi abina, kuma Allah ya sauke ni lafiya a asibiti. Bayan nan aka shiga wankan jego da ganyen darbejiya safe da yamma, da kunun kanwa har arba'in. Gwaggo ta tsaya kai da fata aka rage kanwar. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka danganta yawan kanwa da kwanciya kan gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Zazzau. Ɗakashin da Kaka ta so a matse a zubar ma, shi jaririn ya fara sha.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko kafin a wuce mako 12. Wannan lokaci ne da yarinya ke ɓoye cikinta, uwarta kuma ke kawar da kai. Ke gwaggo, ke yaya, ku da kunyar ba ta ɗaure wa baki ba: in kun ga alama, ku zaunar da ita ku yi mata bayani dalla-dalla, sannan ku raka ta awo tun kafin zane ya ɗaga.